Injiniya Sabitu da Sunan Ɗan Fari

Duk wanda ya taɓa zama a teburin Mansir mai shayi da ke Gwallaga ya san Sabitu, ko yana so ko ba ya so. Shi ne mai 'yar rumfar cajin waya da manna gilashi a bakin kwalbati. Tun da ya yi wani ɗan kwas na kwamfuta a saman wani bene a Wunti ya hana kowa kiransa da sunansa tsura. In ba ka ce Injiniya Sabitu ba, sai ya zama kurma. Allah ya ba shi baki, wannan kam babu mai musu, sauran baiwar ce har yanzu unguwa ke jira.

Wata safiya ya iso teburin cikin sabuwar shadda tana ƙara, da jakar kwamfuta a kafaɗa wadda babu komai a cikinta sai caja.

"Mansir, haɗa min mai kauri. Ka kalle ni da kyau, don ka kusa fara ganina a talabijin kawai. Na mayar wa mai gida makullin rumfa, har ya ba wani mai kayan miya."

"An kore ka ne?" in ji Mansir.

"Ɗaukata za a yi. Alhaji Modibbo na Gwallameji, mai kamfanin kindirmo."

Maganar da ɗan ƙamshin gaskiya. Alhaji Modibbo Bafulatani ne da ya zauna gari, yana sayen nono daga rugage yana ƙullawa a robobi. Bayanin makiyayansa kaf, da shanunsu da allurar da aka yi musu, yana cikin rumbun bayanai a wani baƙin akwati da ake kira saba. Wata mai suna Christiana ce ta tsara komai, sai ta yi aure ta koma Jos. Ba a jima ba kwamfutar da take aiki da ita ta mutu da tsufa. An sayo sabuwa, amma sai an haɗa ta da rumbun, ga shi ranar Asabar Alhaji ya gayyaci arɗaɗɗan Fulani, shugabannin rugage, don ya nuna wa kowa garkensa a majigi. Ya ce duk wanda ya haɗa kafin ranar, kujerar Christiana ta zama tasa. Sabitu bai jira an haɗa ba ya saki rumfarsa, don haka yanzu ko kujerar nan ko zaman banza.

"Ka taɓa yin irin aikin?" Mansir ya tambaya.

"Ni? A kwas ɗinmu malamin ma ni yake tambaya."

A ofis ya tarar da Alhaji, dogo siriri mai tsadar magana, yana shirin tafiya rugagen bayan Alkaleri inda waya ba ta shiga. Sakatariyarsa, Madam Liatu, tana gefe da biro a kunne.

"Akwai kalmar sirri," in ji Alhaji. "Yarinyar nan ta ce in zaɓi abin da ba zan taɓa faɗa wa kowa ba. Sai na sa sunan yaron nan."

"Wane yaro, ranka ya daɗe?"

Alhaji ya ɗaga kai yana duban silin kamar an rubuta wani abu a can. Liatu ta matso ta raɗa wa Sabitu cewa ɗan farinsa yake nufi. Mutum irin Alhaji ba ya ambatar sunan ɗan fari, kunya ce tun ta kaka da kakanni. Ƙari a kan haka, sunan mahaifin Alhaji marigayi aka mayar wa yaron, don haka gidan gaba ɗaya babu mai furta shi. Ɗanlarai ake ce masa tun yana rarrafe, yanzu kuma yana karatu a Masar.

"In ka shirya, kawo in buga maka da hannuna kafin in tafi," in ji Alhaji.

Sabitu ko kunna kwamfutar bai yi ba, bai ma san inda ake buga kalmar ba. Amma ya ce bai shirya ba a gaban mace? Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba, ranka ya daɗe! Kalmar sirri ai don 'yan koyo aka yi ta. Mu da hanci muke shinshino ta. Ka je kawai, Allah ya kiyaye hanya."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "To." Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Sabitu ya naɗe hannun riga, ya buɗe manhajar da masu tsara manhaja ke aiki a cikinta. Abu na farko da ta nema shi ne direba, wato ɗan tafintan da ke fassara magana tsakaninta da rumbun bayanai, don kowane irin rumbu da nasa tafintan. Ta jero masa su, kowanne da ɗan hotonsa: ga giwa, ga wani kifi yana tsalle, ga ganye, ga wasu da ba a san kansu ba. Sabitu ya yi sama ya yi ƙasa yana neman mai hoton saniya.

"Me kake nema, Malam Sabitu?" in ji Liatu.

"Injiniya. Kamfanin nono ne, ai dole akwai na saniya. Sun ɓoye shi ne saboda 'yan damfara."

"In babu fa?"

"Sai giwa. Babban kamfani, babbar dabba. Kifin nan dai ba zan taɓa shi ba. Kifi da nono, Madam? So kike kwamfuta ta yi ƙyasbi?"

Kifin kuwa shi ne daidai, amma babu mai gaya masa. Giwa ta ƙi. Ganye ya ƙi. Sai Injiniya ya yanke shawarar sauko da duk direbobin da ke duniya, wanda rabonsa ne ya kama. Kafin azahar datar ofis ta ƙare ƙarƙaf. Masu shaguna da ke turo odar kindirmo ta waya suka ji shiru, mai keken da ke raba kaya ya gaji da jira ya miƙe a bayan keken ya yi barci.

"Oga Injiniya, ka shanye mana data," in ji Liatu. "Kwastoma suna ta kira suna zagina."

"Madam, ci gaba ba ya zuwa kyauta. A ƙasashen waje ma haka ake fama."

Washegari aka sayo wata datar, ya koma. Manhajar ta nuna masa lambar ƙofa, wato lambar da ake bi a shiga rumbun. Ya ga 'yar lamba ce ƙarama, ransa ya ɓaci. Ta yaya shanun arɗaɗɗan Bauchi kaf za su wuce ta wannan 'yar ƙofa? Ya goge, ya jera tara-tara har akwatin ya cika. Kwamfuta ta ce an ƙi haɗi.

Ya tashi ya zagaya saba, ya ɗora mata tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro.

"Na gano cutar. Zafi take ji."

A bayan ofis akwai ƙaramin ɗakin sanyi inda aka jere robobin kindirmo na musamman da za a ba baƙin Asabar. Nan ya kinkimi saba ya kai, yana jan waya a bayansa. Soket ɗaya ne a ɗakin, injin sanyi ke kai. Sabitu ya zare na injin ya soka na saba. A lissafinsa ɗaki ya riga ya yi sanyi, in an rufe ƙofa ta ina sanyin zai bi ya fita? Ya datse ƙofar, ya jefa makulli a aljihu, ya manna takarda cewa ba a shiga sai da izinin Injiniya.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya goge manhajar cikin fushi ya sake saka ta. Lambar ƙofa ta koma yadda take da kanta. Garin share gumi gwiwar hannunsa ta danne kifin nan da ya tsana, sai ga wasu akwatuna biyu sun buɗe, na sama na sunan mai shiga wanda tuni an rubuta alhaji, na ƙasa na kalmar sirri.

"Madam! Zo ki ga aikin ƙwaƙwalwa!"

Saura shinshine. Ya buga Ɗanlarai, aka ƙi. Ya buga Muhammadu, Abubakar, Usmanu, Aliyu. Ya bi sunayen annabawa har ya ƙure abin da ya riƙe daga makarantar allo. Ya koma Buba, Jauro, Bello, Sambo. Kowanne kwamfuta ta girgiza masa kai. A nan ne ya fara ƙirga kwanaki, don Asabar na matsowa, kuma mai kayan miya ya riga ya baza tumatir a rumfarsa.

Sai ya hau keke ya nufi gidan Alhaji. Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Hajiya Kubura, uwar Ɗanlarai, ta tsaya daga bayan labule suka gaisa.

"Hajiya, wata 'yar alfarma ce. Sunan yankan Ɗanlarai nake so."

Labulen ya daina motsi.

"Ɗan nan, wa ya aiko ka?"

"Babu kowa. Akwai wani baƙin akwati da na kulle a ɗaki mai duhu, ba ya buɗewa sai an ba shi sunan. In da hali ki haɗa min da ranar haihuwarsa, wani lokaci sai an gama da lamba yake karɓa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ni za ka zo wa da wannan har cikin gidana? Yaron yana can ƙasar mutane yana karatunsa, me ya tare maka?"

"Hajiya, ko a takarda ne ki rubuta, ba sai kin faɗa ba."

Abin da ya biyo baya muciya ce, ta fito ta ƙarƙashin labule da gudu. Sabitu ya bar takalmi ɗaya a zauren.

Mai hankali da ya tsaya nan. Sabitu kuwa cigiya ya shiga yi har ya gano tsohon wanzamin da ya yi wa Ɗanlarai askin suna. Ya same shi a gindin dalbejiya yana wasa aska.

"Baba, kai ka aske Ɗanlarai ranar suna. Wane suna liman ya raɗa?"

Tsoho ya dube shi tun daga hula har ƙafar da babu takalmi.

"Kai ne mai baƙin akwatin?"

"Au, har labarina ya iso? Ni ne, Injiniya Sabitu."

"Ya iso. Zauna in kwashe maka sumar nan kyauta, wataƙila iska ta samu hanyar shiga. Suna kuwa, ka ce wa wanda ya aiko ka bai samu ba."

Kowa ya san masu yawon neman sunan yankan mutum da ranar haihuwarsa ba wurin likita suke kaiwa ba. Kafin la'asar magana ta tashi daga Gwallameji ta riga shi isa Gwallaga, ta yi ƙiba a hanya. Aka ce akwatin magana yake yi. Aka ce jini yake sha. Da ya shigo layinsu mata suka shiga janye 'ya'yansu, wata ma da ya gaishe ta ya ce, "Sannu Maman wa?" sai ta ce ba ta haihu ba, alhali ga goyo a bayanta. A teburin shayi benci ya zama nasa shi kaɗai.

"Ka ga kwarjini ko?" ya ce wa Mansir. "Tun ban fara ɗaukar albashi ba."

"Na gani," in ji Mansir, ya miƙo masa kofi daga nesa.

Ranar Juma'a ya ci gaba da zuba sunaye har saba ta gaji ta toshe shi gaba ɗaya. Wani jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Liatu ta leƙo.

"Wannan ja fa?"

"Alamar ta kusa nuna ke nan. Ba ki ga tumatir ba?"

Ya rage masa dabara ɗaya, ya jira Alhaji ya buga da kansa, shi kuma ya kwashi yabo. Don taron ya yi armashi sai ya kunna muryar da ke karanta duk abin da ya fito a kwamfuta, wata Baturiya mai magana ta hanci, ya haɗa ta da lasifika. Ya kuma ga wurin da ake zaɓar sau nawa za a sake gwada haɗi in ya ƙi. Ya zaɓi har abada, don shi ba ya son na'ura mai saurin karaya.

Asabar da hantsi harabar kamfani ta cika. Arɗaɗɗa sun jeru a ƙarƙashin rumfa da malafunansu da sanduna, liman na gaba, Hajiya Kubura da mata na can gefe suna harararsa. An haska majigi a farin bango. Alhaji ya sauko daga mota, tun a bakin ƙofa aka sheƙa masa labarin baƙin akwati, amma fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"An haɗa?" ya tambaya.

"Tuntuni, ranka ya daɗe. Kalmar ce kawai na bar maka don girmamawa, kamar yadda ake bar wa gwamna yanke zare."

Sabitu ya karɓe makirfo daga hannun liman tun bai gama shafa addu'a ba. Ya yi jawabi a kan giwa da kifi da ƙofofi, ya ce aikin da ya yi a kwanakin nan Turawa sai sun tara mutum ɗari. Sannan ya gayyaci Alhaji. Alhaji ya zauna, ya ja hannun babbar rigarsa ya lulluɓe madannan don kada ko ƙuda ya gani, ya fara bugawa da yatsa ɗaya. Abin da bai sani ba, Injiniya garin rawar kai ya goge akwatin sama ya bar alamar rubutu a can. Akwatin ƙasa ne ke ɓoye haruffa ya mayar da su ɗigo-ɗigo, na sama kuwa tsirara yake nuna su. A bangon da ke bayan Alhaji haruffa suka dinga fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kai girman ɗan maraƙi.

Sabitu ya waiga ya gani. Ya manta makirfo na bakinsa.

"Ja'afaru! Kai! Wallahi shi kaɗai ne ban gwada ba!"

Kowa ya zuba wa bangon ido. Yatsan Alhaji ya faɗa kan babban madanni, sai Baturiya ta karɓa ta lasifika, ta sanar da Turanci cewa an hana Ja'afaru shiga. Ta ɗan numfasa, ta sake gwadawa kamar yadda aka umarce ta. An hana Ja'afaru shiga. An hana Ja'afaru shiga.

Hajiya Kubura ta ja mayafi ta rufe fuska ta miƙe, mata suka bi ta suna salati, kujeru na zubewa. Tsofaffin arɗaɗɗan da suka yi kiwo da mahaifin Alhaji suka sunkuyar da kai, suka ja malafa har hanci. Samarin da ke baya suka cusa hula a baki. Alhaji kuwa yana zaune bai motsa ba. Sunan da ya shekara da shekaru yana kaucewa, na ubansa kuma na ɗansa, ga shi wata baƙuwa tana yi masa shela da shi har masu wucewa a titi suna tsayawa. Abin tausayi ne ƙwarai, duk da dariyar da ke cin mutane.

"A kwantar da hankali, gwaji ne!" in ji Sabitu. Ya danna wani abu don ya rage murya, sai ta ƙaru. Ya fizge wata waya, majigi ya mutu, Baturiya ta ci gaba. Ya tsaya a gaban lasifikar ya ware hannuwa ko zai tare sunan da jikinsa.

Liatu ta ga in ba a shagaltar da baƙi ba abin zai wuce gyara. Ta zura hannu a aljihun Sabitu ta zaro makulli, ta ce a fito da kindirmo. Ana buɗe ɗakin sanyi wani zafi da tsami suka yi maraba da jama'a. Robobi sun kumbura, wasu sun fashe, wasu suna jiran a taɓa su. Ma'aikacin da ya ɗauko na farko bai kai rumfa ba ta tashi a hannunsa, ta wanke wa liman rawani. Can ƙuryar ɗaki ga saba tsaye cikin tsamin ruwan nono, 'yar fitilarta na ƙyaftawa.

Wani tsohon arɗo ya toshe hanci da gefen rawani.

"Modibbo, shanun namu ke nan da ka ce za mu gani?"

Alhaji ya miƙe a hankali. Ya taka har inda janareta yake, ya sa kan sandarsa ya kashe shi. Baturiya ta tsaya a tsakiyar sunan. Ya yafito maigadi, ya nuna Sabitu da sanda ba tare da ya dube shi ba.

"Raka wannan bakin titi."

"Ranka ya daɗe, Sabitu ne sunan. Injiniya Sabitu."

"Na sani," in ji Alhaji. "Mutum biyu ne a duniya bakina ba ya kama sunansu. Yau sun zama uku."

Maigadi ya riƙe masa jaka, ya tasa shi gaba har waje.

Da yamma sai ga shi a teburin Mansir, shaddar nan ta yi taswirar nono tana tashin tsami. Labari ya riga ya zo, benci ya cika maƙil, kowa ya gane ashe ba boka ba ne, abin bai kai nan ba. Sabitu ya nemi wuri ya raɓa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Injiniya, yaya taro?" wani ya tambaya.

"Tarihi aka kafa. Kwamfuta ta yi magana a gaban arɗaɗɗa, mata har da gudu don mamaki. Alhaji kuwa, ku bar shi kawai. A bainar jama'a ya haɗa ni da mahaifinsa da ɗansa na fari. Ya ce daga yau bakinsa ba zai ƙara kama sunana ba. Ku gaya min, a garin nan wa aka taɓa yi wa wannan karamcin?"

"Babu," jama'a suka amsa baki ɗaya.

"To yaushe za ka fara aikin?" in ji Mansir, yana ɗauraye kofuna.

"Jira nake kawai ya kira ni."

Mansir ya tsaya da kofi a hannu.

"Da wane sunan?"

Sabitu ya ɗauki kofin da ke gabansa ya kai baki, bai ma lura ba a zuba komai a ciki ba.